Lissafin Farashin Gobe Da Haƙƙin Manomi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda arzikin bayi duka yake hannunsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya san ƙasar kudancin Kano, watau Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, ya san cewa da zarar kaka ta yi, an kwashe masara da dawa da shinkafa an kai gida, tambaya guda ce take yawo a bakin manoma tun daga Ba'awa har Riruwai: a sayar yanzu ne, ko kuwa a ajiye sai bazara? Tambayar tsohuwa ce, ta girmi kakannin masu yin ta. Amma a wannan zamani ta zama fannin ilmi mai zaman kansa a jami'o'i da manyan bankunan duniya, har an kai ga ana sa wa ikon jira farashi, ana lissafa shi da kwamfuta kamar yadda ake auna hatsi da tiya. Wannan ya jawo mas'aloli guda biyu da ya kamata Musulmi ya tsaya a kansu. Ta farko, shin lissafin farashin gobe ba kutsawa ba ne cikin gaibu? Ta biyu kuwa, wadda ta fi nauyi, idan har jira yana da daraja da za a iya aunawa, to wa ke da haƙƙinta, kuma wa ke cin ta a kasuwannin karkara?

Mene ne haƙƙin zaɓi?

A manyan kasuwannin kuɗi akwai wani irin ciniki da ake kira sayen zaɓi. Mutum yakan biya kuɗi kaɗan domin ya sami ikon sayen wata haja, ko sayar da ita, a kan ƙayyadadden farashi, cikin ƙayyadadden lokaci. Idan kasuwa ta juya yadda yake so, sai ya zartar da cinikin ya ci riba. Idan ta juya masa baya, sai ya fasa, bai yi asarar kome ba sai ɗan abin da ya biya da farko. An buɗe kasuwa ta musamman domin wannan ciniki a birnin Shikago na Amurka a watan Afrilu na 1973, shekarar da fari ya addabi ƙasar Hausa. A cikin wannan shekara ce kuma wasu masana biyu, Fischer Black da Myron Scholes, suka buga ƙa'idar lissafin farashin zaɓi, Robert Merton kuma ya faɗaɗa ta.

A 1977 wani masani mai suna Stewart Myers ya jawo hankali ga cewa ba a takardun kasuwa kaɗai ake samun zaɓi ba, akwai shi a cikin dukiya ta zahiri. Misalinsa yana nan kusa. Riruwai ta ƙasar Doguwa ta shahara da kuza. Mai haƙƙin ramin kuza yana da ikon ya haƙa idan farashi ya yi kyau, ya dakata idan ya faɗi, kamar yadda ya faɗi warwas a kasuwar Landan a watan Oktoba na 1985. Ramin da aka rufe bai zama banza ba, domin kuwa ikon sake buɗe shi wata rana yana nan, kuma wannan iko dukiya ne. A wannan shekara ta 1985 ne Michael Brennan da Eduardo Schwartz suka nuna yadda za a lissafa darajar ma'adinin da ake iya buɗewa da rufewa. To, rumbun manomi ma haka yake. Buhun masara da ke hannun wanda zai iya jira ya fi buhun da ke hannun wanda dole ya sayar yau, ko da yake masarar iri ɗaya ce.

Yadda ake yin lissafin

Ƙa'idar 1973 tana aiki ne ga zaɓin da ake zartarwa a rana guda, watau ranar ƙarshe. Mai rumbu kuwa yana iya sayarwa kowace ranar kasuwa, daga Nuwamba har zuwa Yuli, kafin sabon amfani ya shigo. Wannan ya fi wuyar lissafi, shi ya sa aka haɗa dabaru biyu.

Dabara ta farko ita ce kwaikwayon kasuwa. Ana duba tarihin farashi na shekaru masu yawa, a ga yadda yakan hau da yadda yakan sauka, sa'an nan a sa kwamfuta ta ƙago shekaru na kwaikwayo, misali dubu goma, kowace da irin tafiyar farashinta: a wata ya tashi tun Janairu, a wata ya kwanta har damina, a wata ya faɗi. Ana kiran wannan hanya da sunan Monte Karlo, wani gari da ya yi suna a gidajen caca, saboda ana amfani da lambobin da ke faɗowa kamar ƙuri'a. Masanan lissafi irin su Stanislaw Ulam ne suka ƙago ta a Amurka cikin shekarun 1940, kuma Phelim Boyle ya shigo da ita cikin lissafin zaɓi a 1977.

Dabara ta biyu ita ce awon dangantaka, kuma Francis Longstaff da Eduardo Schwartz ne suka shahara da haɗa ta da ta farko a 2001. Ana farawa ne daga ƙarshe a dawo baya. A watan Yuli babu sauran zaɓi, dole a sayar. Sai a dawo Yuni. A kowace shekarar kwaikwayo a rubuta abu biyu: farashin Yuni, da abin da aka samu a ƙarshe da aka jira. Sa'an nan a ja layi guda da zai ratsa tsakiyar waɗannan dubban sakamako, wanda tazararsa da su ta fi ta kowane layi ƙanƙanta, bisa wata tsohuwar ƙa'ida da Legendre na Faransa ya buga tun 1805. Wannan layi shi ne zai ce: idan farashin Yuni ya kai kaza, to a matsakaici mai jira yakan sami kaza. Idan kuɗin hannu ya fi abin da layin ya nuna, a sayar. Idan bai kai ba, a jira. Haka za a yi wa Mayu, da Afrilu, har a iso Nuwamba. A ƙarshe sai a ɗauki matsakaicin abin da aka samu a dukan shekarun, a cire kuɗin buhu da magani da hayar sito da ɓarnar ƙwari. Abin da ya haura farashin kaka shi ne darajar jira.

Shin wannan shiga gaibu ne?

Akwai masu ganin cewa duk wanda ya zauna yana lissafin farashin watan da bai kama ba, ya kama hanyar boka da ɗan duba. Tsoron nan yana da tushe, domin ƙarshen Suratu Luƙman ya tabbatar da cewa sanin abin da mutum zai samu gobe yana cikin abubuwan da Allah ya keɓe wa kansa. Amma idan aka duba yadda lissafin yake, za a ga wani abin lura. Kwamfuta ita ce ta ƙago shekarun nan dubu goma, saboda haka ta san ƙarshen kowace ɗaya. Da za a bar ta ta zaɓi ranar da farashi ya fi tsada a kowace shekara, da ta fitar da daraja ta ƙarya, wadda babu ɗan Adam da zai iya samu. Dalilin kawo awon dangantaka ke nan: a hana ta leƙen gobe, a tilasta mata ta yanke shawara da farashin yau kaɗai, kamar yadda mai rumbu yake yi. Ashe ke nan an gina hanyar ne gaba ɗaya a kan amincewa cewa ba a san gobe ba. Boka yana cewa ga abin da zai faru. Mai wannan lissafi kuwa iyakarsa ya ce ga abubuwan da suke iya faruwa, ga kuma matakin da ya fi dacewa da wanda bai sani ba.

Tanadi bisa kyakkyawan zato abu ne da shari'a ta san shi. Annabi Yusufu, alaihis salam, ya ba mutanen Masar shawarar su ajiye hatsin shekarun yalwa a cikin zangarniyarsa domin shekarun ƙunci. Shi wahayi ne ya sanar da shi abin da ke tafe, wanda babu mai samun haka bayan Annabawa, amma darasin ajiya da tsari ya rage wa kowa. Gwamnatin Audu Bako ba ta san shekarar da ruwa zai yi ƙaranci ba sa'ad da ta gina madatsar Tiga a ƙasar Bebeji tsakanin 1971 da 1974, ta dai san cewa irin wannan shekara takan zo. Babu malamin da ya kira wannan duba.

Inda haɗari yake shi ne mutum ya ɗauki lamba ya mai da ita yaƙini. Shekarun kwaikwayo daga tarihin da ya wuce ake sassaƙo su, abin da bai taɓa faruwa ba kuwa ba ya cikinsu. Scholes da Merton sun karɓi lambar yabo ta Nobel a 1997, amma shekara guda bayan haka kamfanin zuba jari da suke cikin shugabanninsa, Long-Term Capital Management, ya durƙushe bayan Rasha ta kasa biyan bashinta a watan Agusta na 1998, sai da manyan bankuna suka haɗa fiye da dala biliyan uku da rabi suka tallafe shi. A nan gida ma an ga irinsa. A watan Yuli na 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da wani nau'in shinkafa na kwana 150, kuma a 2025 farashin hatsi ya sauko ƙwarai, har mutane da yawa da suka saya da tsada suka ajiye suka tafka asara. Saboda haka lissafi sababi ne kamar sauran sabubba, a riƙe shi a hannu, zuciya kuwa ta dogara ga Allah.

Sayar da zaɓin kansa

Halaccin auna abu daban yake da halaccin sayar da shi. Fiƙihu ya san zaɓi a cikin ciniki, shi ne hiyari. A mazhabar Imamu Malik mai saye yana iya sharɗanta lokacin shawara da gwaji gwargwadon hajar, kamar wata guda a gida, ko kwana uku a dabba da tufa. Amma wannan zaɓi yana manne ne da cinikin haja ta gaske, ba a yanke masa farashi shi kaɗai, ba a kuma sayar wa wani shi. Abin da ya fi kusa da zaɓin kasuwannin zamani shi ne kafin alƙalami da ba a mayarwa idan an fasa. Imamu Malik ya hana shi, yana ganin cin dukiyar mutum ne ba da musayar kome ba, Imamu Ahmad kuwa ya halatta. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta bi ra'ayin halacci a zamanta na Brunai a 1993, da sharaɗin a ƙayyade lokacin jira. Amma game da takardun zaɓi da ake saye da sayarwa su kaɗai, majalisar ta yanke a zamanta na Jidda a 1992 cewa ba su halatta ba, domin abin da ake ciniki a kansa ba dukiya ba ne, ba amfani ba ne, ba kuma haƙƙi ne da ake karɓar musaya a kansa ba. Galibin masu wannan ciniki ba sa nufin karɓar hajar, bambancin farashi kawai suke farauta, ribar ɗaya kuwa ita ce asarar ɗayan. Kyawun lissafi ba ya wanke wannan.

Wa ke cin ribar jira?

A nan ne maganar ta dawo ƙofar gida. Manomin Ba'awa ba ya sayen takardun Shikago, amma ana karɓe masa zaɓinsa kowace shekara ba tare da an ambaci sunan abin ba. A ɗauki misali da lambobin da aka ƙago domin bayani kawai. A ce buhun masara da kaka naira 40,000 ne, lissafi kuma ya nuna cewa a hannun mai iya jira, bayan an cire dukan ɗawainiya, a matsakaici ya kai naira 47,000. Naira 7,000 ɗin nan ita ce darajar jira. Manomin da bashin taki ya shaƙe, ga kuɗin makaranta, ga mara lafiya a ɗaki, yakan kai buhunsa kasuwa a makon da kowa ya kai nasa, lokacin da farashi ya fi kowane lokaci arha. Sa'an nan da damina, abinci ya ƙare a gida, ya koma ya auno irin masarar nan da tsada. Wata mai bincike daga Ingila, Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta bayyana yadda wannan juyi yake riƙe talakan manomi a cikin talauci. Abin da lissafin zamani ya ƙara shi ne ya sa wa ciwon lamba.

Wanda ya fi wannan muni shi ne cin kuɗin buhu tun da damina. Manomi yakan je wa mai hali a watan Agusta, ya ce, “Alhaji, a taimaka mini da kuɗin taki, in Allah ya kai mu kaka in kawo buhu.” Sai a ba shi, a ce naira 22,000, a kan buhun da kowa yake zaton zai kai 40,000. Siffar wannan ciniki tana da asali a shari'a, shi ne salam, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar mutanen Madina suna yi, ya tabbatar da shi da sharaɗin a san mudu, a san nauyi, a san ajali. Malamai sun ƙara da cewa a biya kuɗin gaba ɗaya tun farko, kada kuma a ɗaure cinikin da amfanin wata gona ayyananniya. An yi rangwamen nan ne domin manomi ya sami abin aiki. Idan aka mai da shi tarkon da ake kama mai larura, siffar tana iya cika alhali manufar ta ɓace. Ballantana idan kaka ta zo manomi ya gaza, aka ce buhu ɗaya ya zama biyu baɗi, ko aka ba shi buhu da damina a kan ya biya biyu da kaka. Wannan riba ce tsagwaronta, babu saɓani a kai.

Mai hali yana da hujjar da ya kamata a saurara. Zai ce shi ne ya sa kuɗinsa, shi ya ɗauki hayar sito, shi ya yi fama da ƙwari, kuma da farashi ya faɗi a 2025 babu wanda ya raba asara da shi. Wannan gaskiya ne, kuma shari'a ta yarda cewa wanda ya ɗauki nauyin asara shi ya cancanci riba. Ɗan kasuwar da ya saya da kaka a farashin kasuwa, ya fitar da bazara, yana yi wa jama'a aiki, domin da babu shi da farashin kaka ya fi haka faɗuwa, da kuma ba a sami abin aunawa da damina ba. Malamai da yawa ma ba su lissafa mai ajiye amfanin gonarsa cikin masu ɓoye abinci ba. Amma hujjar tana da iyaka a gefe biyu. Gefe na farko shi ne ajiyar da ta kai ga cutar da jama'a, watau a tattare abinci a kulle lokacin da mutane ke cikin tsanani ana jiran ya ƙara tsada. Wannan haramun ne, kuma hukuma tana da ikon tilasta fitar da shi. Irin zargin da ya sa hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe ta Jihar Kano ta rufe wasu sito-sito a yankin Dawanau a watan Fabrairu na 2024 ke nan, ko da yake 'yan kasuwar sun musanta. Gefe na biyu shi ne ribar da tushenta jahilcin abokin ciniki ne ko larurarsa. Annabi ya hana tarbar ayari a hanya kafin ya iso kasuwa, malamai kuma suka ambaci dalilai biyu: kada a cuci mai kaya da bai san farashi ba, kada kuma a cuci mutanen kasuwa. Wanda yake da tarihin farashi na shekara goma a wayarsa, ya kuma san darajar jira har zuwa naira, idan ya zauna da wanda bai san kome ba sai kukan yaransa, lalle ya tare ayari, ko da a zauren gidansa aka yi cinikin.

Saboda haka sanin wannan lamba amana ne. Mai ba da kuɗin salam ya auna farashinsa da abin da ake zaton kasuwa za ta kai, ya rage gwargwadon haɗari da tsawon lokaci, kada ya rage gwargwadon matsuwar mai nema. Wanda Allah ya hore wa ya tuna cewa bashi mai kyau na wata uku yana mayar wa manomi zaɓinsa ɗungurungum. A Jamhuriyar Nijar, tun 1999, an yaɗa wani tsari da taimakon Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ƙungiyar manoma take zuba hatsinta a sito da kaka, a kulle, a karɓi rance a kansa, a sayar idan farashi ya tashi. Jingina halal ce, kuɗin ruwa ne ba ya halatta, kuma ana iya gina irin wannan tsari ba tare da shi ba idan ƙungiyoyin manoma, da bankunan Musulunci, da Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano wadda aka kafa a 2003, suka sa hannu. Buhun nan mai ninki uku da Jami'ar Purdue ta ƙago, wanda yake kashe ƙwari ba da magani ba, shi ma ya sauƙaƙa ajiya ga mai ƙaramin ƙarfi. Zakkar hatsi kuwa, dami ɗaya cikin goma a noman damina, rabin haka a noman da aka sha wahalar ban ruwa, idan ta isa hannun mabukaci a kan kari, takan hana shi rabuwa da ɗan abin da ya noma a farashin wulaƙanci.

Ɗaliban lissafi da tattalin arziki na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello su ma suna da rabonsu a wannan aiki. Farashin kasuwannin Tudun Wada da Kwanar Dangora ba sirri ba ne, ana iya tattara shi mako-mako, a yi lissafin, a sanar da manoma ta rediyo cikin harshen da suke ji, tare da gaya musu gaskiya cewa matsakaici ne aka auna, ba alkawari aka yi ba. Ilmin da ya tsaya a hannun mai saye kaɗai yana ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne. Idan ya isa ga mai sayarwa, sai ciniki ya zama na yarda ta gaskiya, wadda ita ce sharaɗin halaccin cin dukiyar juna.

Allah ya azurta al'umma da halal mai albarka, ya tsare ta daga cin haƙƙin mai rauni, ya ba da damina mai amfani. Allah shi ne mafi sani.